Kawu Sahabi da Saƙon Masu Sayen Wake

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Kawu Sahabi na bayan tasha a Gusau ya san abin da ke biyo baya idan ya danna "Aika". Kwamfuta za ta ce saƙo ya tafi. Shi kuma sai ya zare tabarau, ya harare ta, ya ce, "Wa ag gani?" Daga nan sai ya ja ƙofar shago, ya hau tsohon babur ɗin nan nasa mai tari, ya bi saƙon har inda aka aika shi, ya tsaya a kan mutum sai ya buɗe ya nuna masa. Na sha ce masa, "Kawu, ga waya, ka kira mana!" Sai ya ce, "Bahaushe? Ko bai gani ba cewa za shi yi ya gani, don kar ka ji kunya." Mutumin da tun muna yara yake gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet, amma har ya koma ga Allah bai yarda da intanet ba.

Wannan duk kun sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ya fitar da ni kunya a shekarar wake, ni Rabi, 'yar ƙanwarsa.

Lokacin ina sakatariyar ƙungiyar manoman wake ta wajen Bungudu. Na gaji shafin intanet daga tsohon sakatare, da imel ɗin ƙungiya a wayata. Da kaka ta yi, na tsaya gaban mutane na cika baki: kada kowa ya zubar da wakensa a hannun dillalai, mu tara a sito ɗaya, manyan masu saye za su cike fom a shafinmu su neme mu da kansu. Lambar waya kam kwamiti ya hana a sa, saboda halin da ake ciki, ba a so kowa ya san mai riƙe da makullin hatsi. Fom ɗin nan shi kaɗai ne ƙofarmu. Mutane suka yarda, har da matan da buhu ɗaya ko biyu ne duk abin da suka noma. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ko saƙo ɗaya ban gani ba. Wake ya fara ƙwari. Na koma ina zagaye kasuwar Bungudu ta bayan gari don kada in haɗu da masu wake. Da abin ya ishe ni, na kama hanyar Gusau.

Na same shi yana ɗaure murfin kwamfutarsa da robar tayar keke.

"Kawu, don Allah ka sayi sabuwa."

"Ta ce miki ta gaji? Zamna ki hwaɗa mini abin da at tahe da ke."

Na zauna na zayyana masa. Ya kunna data, shafin ya buɗe, ya yi wuf ya kashe. Haka yake yi da data, kamar mai tsaron famfo, ko atishawa zai yi sai ya kashe ta. Ya cike fom ɗin a tsanake, ya sake kunnawa, ya danna. Rubutu kore shar ya fito: an aika saƙonka, mun gode. Na duba wayata, shiru. Ya leƙa cikin rubutun da aka gina fom ɗin da shi, yana bi da yatsa, can sai ya bugi cinya ya tuntsure da dariya.

"Munahuki na! Diba nan, ɗiyata. An koya mishi shi ce ya aika, ko ya aika ko bai aika ba."

Ya gyara shi yadda ba zai buɗe baki ba sai ya ji amsa daga wajen masu kai saƙo. Ya sake dannawa. Wannan karon ja ya fito: saƙo bai tafi ba.

Na dafe kai. "Innalillahi! Kawu, ka lalata shi! Da ko kore yake nunawa."

"Da ƙarya shikai miki, yanzu ya tuba. Bari shi gama tuban."

Ashe fom ɗin yana tura kowane saƙo ne da sunan wanda ya cike shi, kamar daga adireshin mutumin ya fito. Kamfanin imel kuwa da ya ga baƙo yana aron sunayen mutane, sai ya riƙa mayar da shi tun daga ƙofa. Kawu ya ce, "Ke in mutum shina zuwa gidanku kullum da sabon suna, kina buɗe mishi?" Ya sa saƙo ya riƙa fita da sunan ƙungiya, amsa kuma ta koma wa mai saye kai tsaye. Watannin nan duka, duk wanda ya neme mu ya tafi da kore a idonsa, mu kuma muna zaune muna jira. Wallahi ranar sai da na juya baya na share hawaye.

Don gwaji sai ya karkata fom ɗin zuwa nasa adireshin. Ya danna, fom ya ce ya tafi, kuma yanzu mun san ba ya ƙarya. Ya buɗe akwatinsa, babu. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Can ya tsinci saƙon nasa a kwandon shara, tsakanin tallan maganin rage tumbi da wani da ke masa albishir ya ci mota.

"Ni? Sahabi? Cikin shara?"

Aka kawo shinkafa daga gida, ya ƙi ci. Sai da ya shiga wajen kamfanin da ke riƙe da shafin, ya sa shaidar da ke nuna ƙungiya ce da kanta ta ba fom izinin magana da sunanta, ya ga saƙonsa ya sauka inda na mutanen kirki ke sauka, sannan ya jawo kwano. Shinkafar ta yi sanyi ƙalau, ya ce laifin kamfanin ne.

Na koma Bungudu da murna. Washegari na ce bari in gwada da wayata. Na cike komai, na danna, fom ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sai na lura da wani sabon gurbi a can sama, da jan rubutu a ƙarƙashinsa: ba ka yi sallama ba. Nan take na kira Kawu.

"Kawu! Mene ne wannan?"

"Tarbiyya ta. Mutum shi hwaɗo ma dattawa da 'buhu nawa' ko sallama babu? Gidan ubanshi na?"

"Mai sayen nan fa wataƙila daga Kudu yake, bai san sallama ba!"

"To shi koya. Ai kyauta ta."

Na roƙe shi, na haɗa shi da girman Inna, mahaifiyata, wadda ita kaɗai yake shakka duk da ita ce ƙarama. Da ƙyar ya cire. Amma kada ku ce ya sauka, ina! Sai ya sa fom ɗin da kansa yake liƙa gaisuwa a kan kowane saƙo kafin ya tura. Har yau idan wani ya rubuto mana daga can bakin teku, kafin ka kai ga maganar wake sai ka ga yana tambayar gajiya da iyali da lafiyar dabbobi.

Da ya zo mayar da fom ɗin kan adireshin asali da ya tarar a cikinsa, sai ya tsaya. Ya karanto mini shi ta waya. Ba na ƙungiya ba ne, ban ma taɓa jin sa ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ga sauran matsalar! Goge shi ka sa namu."

"A'a. Ba ni ɗebe sunan mutum ban san ko wane na ba."

"Kawu, ƙwari na cin wake!"

"Su ma bayin Allah na. Nemo mai adireshi."

Na yi fushi, na yi magiya, ko gezau. Ya bar adireshin yadda ya same shi. Kwanaki na yi ina tambaya kafin tsohon sakatare ya tuna. Ranar da aka buɗe shafin, kwamiti ya ga bai dace saƙo ya tsallake babba ya faɗa hannun yara ba, sai aka sa adireshin uban ƙungiya, Alhaji Mainasara na Tsafe, dattijon da ya ba mu sito. Adireshin kuwa wani ne ya buɗe masa lokacin rajistar aikin Hajji. Kowa ya yi na'am da wannan ladabi, aka shafa fatiha aka watse.

Kawu ya ce da babur za mu tafi. Na ce ko da wasa. Muka shiga bas, ya rungume kwamfuta cikin tawul, yana koya wa direba yadda ake tsimin mai tun daga Gusau har Tsafe.

Alhaji ya karɓe mu a zaure. Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa, aka kawo fura. Ni ina gefen tabarma kamar in tashi sama. Sai da Kawu ya ga ƙasan kwanon furar sannan ya ce, "Baba Alhaji, batun imel ɗinka na at tahe da mu."

Alhaji ya laluba aljihu, ya fito da 'yar wayarsa mai tocila ya dube ta. "Awo, an ce ina da shi. Ina ga can Makka na baro shi."

Kalmar sirri kam ko a mafarki bai san ta ba. Kawu ya ce ba komai, za a turo lamba a wayar Alhaji, da ita za a buɗe. Waya ta yi ƙara. Na ce, "Baba, karanto mana." Sai ya ƙanƙame ta a ƙirji.

"A'a, ɗiyata. Liman ya yi wa'azi, kowa at tambaye ka lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo na."

Na juya ga Kawu don ya taimake ni. Me zan ji? "Gaskiya tai! Ko ni kar ka hwaɗa ma." Ya ɗauki kwamfutar ya aza wa Alhaji a cinya, ya juya baya, ya ce ni ma in juya. Muka zauna muna kallon bango, dattijo yana neman lambobi da yatsa ɗaya yana bisimilla kan kowace. Lamba ta mutu kafin ya gama, aka turo wata. A ta biyun ne Allah ya taimake mu.

Akwatin ya buɗe. Ga gwaje-gwajen da Kawu ya yi bayan ya mayar da adireshin nan jere, kowanne da sallamarsa. A tsakaninsu kuma ga saƙo biyu daga wani mai saye na gaske, duk sun shigo bayan gyaran nan. Na farko yana neman wake cikin mota guda. Na biyun yana cewa in bai ji daga gare mu ba a makon nan, zai nemi wani wuri. A kan tabarmar nan na rubuta masa amsa, Kawu yana tsaye a kaina yana cewa in gaishe shi tukuna.

Da aka zo maganar canza adireshi, fuskar Alhaji ta canza. "Wato ɗebe ni za ku yi."

Kawu ya matsa kusa da shi. "Wa ka ɗebe ka, Baba? Saƙo dut naka na, shina nan shina zuwa gare ka. Wagga yarinya 'yar aike ta, kwahi kawai za ta samu don ta rage maka wahala." Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce in dai haka ne ya yarda. Ni ce nake karantawa in amsa har gobe, amma a rubuce ni 'yar aike ce, kuma ban taɓa neman ƙarin girma ba.

Abin da ban sani ba, duk zirga-zirgar nan da ciwo a jikinsa yake yin ta. Ya hana iyalinsa su gaya mini. Ranar da babbar mota ta tsaya a ƙofar sito, aka tankaɗe wake aka auna aka loda, mata suna guɗa, shi yana kwance a asibiti a Gusau. Daga wajen lodin na wuce can. Ya rame, tabarau ya yi masa yawa. Na ba shi labari tun daga farko.

Ya ce, "Ƙwarin sun samu nasu?"

"Sun samu, Kawu, amma kaɗan."

"To madalla, kowa ya ci." Ya maida numfashi, sannan ya ce, "Yanzu kina iya bi ta cikin kasuwa?"

Ban taɓa gaya masa ina zagayewa ba. Na ce, "Ta tsakiya ma, Kawu." Ya lumshe ido ya ce shi ke nan.

Bai ƙara mako ba. Ranar jana'iza sai ga mutanen Bungudu a bayan a-kori-kura, manoman da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ba su kuma san mene ne imel ba, sun cika sahu guda. Ranar sadakar uku matan nan masu buhu ɗaya suka zo da turmi da kasko. Ɗan waken da kowacce ta rage wa gidanta shi suka haɗa, suka soya ƙosai a ƙofar gidansa, aka raba wa duk wanda ya zo gaisuwa. Ni ma na karɓi nawa.

Allah ya jiƙan Kawu Sahabi, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa mini asiri a gaban mutane, Allah ka rufa masa a ranar da kowa zai tsaya gabanka. Amin.