Fanaretin da Ndako ya hura

Ndako mai faci ne a Tunga, kuma abokin ɗana Ɗayyabu tun suna firamare. A rumfarsa samari ke taruwa da yamma suna gardamar ƙwallo. Shi da Ɗayyabu da wani abokinsu John, mai shagon waya, ba su taɓa yarda da juna a kan ko da bugu ɗaya ba.

Bara Ɗayyabu ya rasu a hatsarin babur, a hanyar Maikunkele. Da shekara ta zagayo, abokansa suka shirya gasar unguwa da sunansa. John ya sayi kofi, ya kuma kafa tasa ƙungiyar. Aka ba Ndako alƙalanci, don kowa ya san ba shi da ɓangare.

Ƙungiyar John ta kai wasan ƙarshe. Ranar wasan, da safe, Ndako ya zo gidana da ambulan.

"Baba, John ya ajiye min a ƙarƙashin injin iska. Wai kuɗin shan ruwa."

"Ka buɗe?"

"Ban buɗe ba. Ruwa bai kai wannan kaurin ba. Ka mayar masa bayan wasa. Don Allah kada kowa ya ji, shi ya ɗauki Ɗayyabu zuwa asibiti."

Na sa a aljihu, na tafi fili.

Saura minti uku, babu ci, sai ɗan bayan abokan hamayyar John ya tare ƙwallo da hannu a gaban raga. Na gani sarai. Na kuma ga Ndako ya tsaya, usur a baki, ya san wa hukuncin zai amfana. Ya hura fanareti. Yaran John suka ci.

Fili ya rikice.

"An saye shi! Ndako, nawa aka ba ka, ko sabon injin faci ne?"

Wani ya jefe shi da ledar ruwa. Hannuna na kan ambulan. Da na ɗaga shi, da magana ta ƙare. Ndako ya hango ni, ya girgiza kai. Haka na miƙa wa John kofi mai sunan ɗana, sannan na kira shi bayan rumfa na miƙa masa kuɗinsa.

Mako biyu masu Keke na wuce rumfar Ndako da tayoyinsu zuwa wani wuri. A na uku John ya je, ya tsaya gaban 'yan gardama ya faɗi abin da ya yi, da bakinsa. Shi ya ce in rubuta wannan.

Ciniki ya fara dawowa. Ndako yana amsa sallamar John, amma bai matsa masa a benci ba tukuna. Da na tambaye shi ko ya yi tunanin ƙin hurawa, sai ya ce, "Na yi, Baba. Amma hannu ne. Ɗayyabu ma da ya ce hannu ne, bayan ya gama musu."