Darbejiyar Baba Ilu

Baba Ilu baduku ne a Kasuwar Kurmi. Kirista ne ɗan cocin Angilikan, kuma ya shekara talatin a wani ɗan gida kusa da Ƙofar Mazugal. Ran Lahadi yakan taka zuwa coci a Sabon Gari, ya dawo yana mitar babu inuwa a hanya.

Shekarar da soja suka koma bariki, unguwa ta sami kansila, Haruna. Aikinsa na farko dashen itatuwa ne. Aka kawo darbejiya ashirin da masu ɗaukar hoto, kansila ya zuba wa guda ɗaya ruwa, aka tafa, aka watse. Awaki suka karɓi aikin daga nan.

Uku suka tsira. Baba Ilu ya kewaye su da ƙaya, kullum da safe sai ya kai musu bokiti biyu kafin ya wuce kasuwa. Ya ce mini a coci aka karanta musu cewa Allah ya sa Adamu a gona ya kula da ita, kuma bai ji inda aka ce an sallame shi daga aikin ba.

Ana nan sai kansila ya tuna yana da Kirista ɗaya a mazaɓarsa, ya samo masa kujerar zuwa Urushalima. Tafiyar ta faɗo tsakiyar bazara.

"Ranka ya daɗe, wa zai ba itatuwan ruwa?"

"Haba Baba! Mulkin farar hula ake yi. Zan kafa kwamiti."

Aka kafa, mutum bakwai, har da sakatare.

Bayan sati biyu Baba Ilu ya dawo da kwalba ɗaya ta ruwan Kogin Urdun. Matan coci sun cika gidansa, kowacce da 'yar kwalbarta, matarsa Asibi ta riga ta yi musu alkawari. Shi kuwa ko jaka bai sauke ba ya nufi wurin itatuwan a bakin Ƙofar Mazugal.

Biyu sun bushe ƙayau. Kwamiti ya zauna sau huɗu, ba a gama shawarar wanda zai riƙe bokiti ba. Ta ukun ta yi yaushi, amma da sauran rai. 'Yardada mai ƙosai, tsohuwar da ke suya a wurin, ita ke watsa mata ruwan wankin wake.

"Alhajin Kudus, an dawo lafiya? Ina dabinona?" in ji ta.

"Iya, mu ba dabino muke kawowa ba."

"To me ka je yi?"

Ya buɗe kwalbar, ya tsiyaye ta kaf a gindin bishiyar.

Asibi ta kwana uku ba ta yi masa magana ba. Matan coci suka kai ƙara wurin fasto. Fasto ya saurara, ya tambayi ko bishiyar ta farfaɗo, aka ce ta fara toho, ya ce to a tashi a yi addu'a.

Yanzu ta yi rassa. 'Yardada na suya a inuwarta, tana cewa ruwan wakenta ne. Baba Ilu ya ce na Urdun ne. Kansila ya aiko da allo mai sunansa za a buga a jikinta, Baba Ilu ya tsaya ya ce ba mai sa mata ƙusa. Allon yana nan, 'Yardada na kare murhunta da shi in iska ta taso.