Ranar da Baba Ya Soya Mana Shinkafa da Abarba

Shekarun baya, a shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai, ina 'yar budurwa a gidanmu na Sabonjida. Mahaifina kuku ne. Tun kafin a haife ni yake yi wa wani Bature girki, amma ban taɓa ɗanɗana abincin hannunsa ba. Ƙamshin kawai na sani, a jikin farar rigarsa in ya dawo da yamma.

Da aka sauke tutar Turawa, maigidan nasa ya koma ƙasarsu. Gari ya ɗauki kiɗa da ihun "Firidom!", wato 'yanci, Baba kuwa ya dawo da takardar shaida da wuƙarsa naɗe a tsumma, ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiya ya zauna. Mako uku, daga masallaci sai buzu. In an kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture. Muna kallo yana ramewa.

Wata Laraba da la'asar, maƙwabcinmu direban lori ya kawo mana tsarabar abarba daga Kumasi. Mahaifiyata ta juya ta a hannu, ta saci kallon Baba, ta miƙo mini.

"Ki dafa mana ita da shinkafar jiya."

"Mma, yaya ake yi?"

"Yadda kika ga dama."

Ni kuwa uwar rawar kai, na hura kurfoti, murhun gawayi, a tsakar gida, na ɗora ruwa, na ɗauko adda zan sassara abarba da ɓawonta in antaya a tukunya kamar doya. Sai na ji murya a bayana.

"Ke! Wa ya koya miki wannan ta'asa? Sauke ruwan nan, kawo kasko."

Baba ne a tsaye. Ya warware wuƙarsa, ya raba abarbar biyu, ya ƙwaƙule cikinta ya yanka ƙanana. Albasa, citta, tattasai, duk suka zube a faranti kafin in ƙifta ido. Ya zuba man gyaɗa cokali biyu kacal.

"Wuta sosai, mai kaɗan," ya ce. "Mai da yawa ciwo ne. Shinkafar da ta kwana kuma ba ta caɓewa."

Ya fasa ƙwan zabi uku, ya zuba shinkafa, abarba ta biyo baya. Har yau in na tuna, kamar mafarki nake gani. Rana ta yi ja ta ratso ganyen darbejiya, tururi na tashi cikin hasken, ganguna na amsawa can wajen unguwar Kanvili, Baba na juya kasko yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa sanin yana waƙa ba. Kafin a kira magariba ya juye mana a cikin ɓawon abarbar, ya barbaɗa soyayyar gyaɗa.

"Zaƙi a shinkafa? Ni ban yarda ba koraa, ko kaɗan," in ji Mma. Ta kai loma, ta sake kai hannu.

Baba ya zauna tare da mu a tabarma, ya daɗe yana kallon abincin.

"Shekara ashirin ina dafa wannan," ya ce, "ban taɓa cin sa a zaune ba. A tsaye nake ɗanɗanawa in kai tebur."

Ranar ya ci har ya suɗe hannu. Mako bai zagayo ba ya ɗauki takardarsa ya fita, ya dawo da aikin girki a wata makarantar kwana.

Sai bayan na yi aure na tambayi Mma ko da gangan ta ba ni abarbar nan. Ta yi dariya ta ce, "Na roƙe shi ya ci abinci har na gaji. Amma na san ubanki, ba zai iya kallon ana ɓata abinci a gabansa ba. Ke kuma na san hannunki."

Na ji haushin maganar a lokacin. Yanzu da na tsufa na gane cewa wanda zuciyarsa ta karye, lallashi ba ya tashe shi kamar ya ga ana bukatarsa. Duk girkin da na yi a rayuwata, wanda na kusa ɓatawa ɗin nan ne ya fi yi wa gidanmu amfani.