Jinin Baba da Tiyon Roba

Mahaifina mai gyaran injin ruwa ne, shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a. A unguwa Sarkin Tambaya ake ce masa, domin ko agogo ka miƙa masa ya duba lokaci, sai ya so ganin cikinsa. Ni ce 'yarsa ta fari, na saba da halin, amma bai taɓa ba ni kunya ba kamar ranar da likita ya kawo takardar amincewa da aikin zuciya. Baba ya ajiye biro, ya ce sai ya ga injin da zai riƙe masa jini lokacin da za a tsayar da zuciyarsa.

Likita ya kira mai kula da injin, wata gajeruwar mata mai tabarau. Ta kai mu ɗakin ajiya inda suke da na koyarwa. Baba ya shafa tiyon roba, ya tambayi yadda ake fitar da iska. Ta ce sai an cika shi da ruwan gishiri tukuna. Ya jinjina kai, domin shi ma ba ya tayar da inji a bushe. Sai ya nemi sanin abin da yakan lalace.

Ta ce ba kasafai injin ke ba da matsala ba, jinin ne. Tun da aka haifi mutum jininsa bai taɓa gogar komai ba sai jijiyarsa, don haka da ya ji roba sai ya ɗauka abokin gaba ne. Garkuwar jiki ta tashi faɗa, zazzaɓi ya zo, ƙananan jijiyoyi su saki, ruwa ya tsiyaya cikin tsoka har mutum ya kumbura. Yawanci kaɗan ne, amma a wasu yakan kai ga huhu da ƙoda.

"Yoyo ke nan," in ji Baba. "To yaya ake sanin ya toshe?"

Ta ce idan faɗan ya lafa, ruwan yakan koma jijiya, ƙoda ta fitar da shi. Nan take ya sa hannu. Da muka fito ya riƙe ni ya ce, "In na kumbura kada ki dubi fuskata, 'yata. Jakar fitsari za ki duba."

Ashe yana cikin waɗanda abin ke yi wa yawa. Aikin ya yi kyau, amma washegari idanunsa sun nutse cikin kumburi, yatsunsa sun cika tam, inji ke yi masa numfashi. Inna ta leƙa sau ɗaya ta fita da kuka. Ni kuwa duk lokacin ziyara sai in tsuguna gefen gado ina ƙura wa jakar ido, har ma'aikaciyar jinya ta fara tsokanata wai na zo ƙwace mata aiki. Kwana biyu abin da ya taru bai kai rabin kofi ba. Tsoro ya kama ni sosai, na kuma ji haushin Baba da ya koya mini inda zan duba.

Rana ta uku, kafin azahar, jakar ta cika har an juye ta sau biyu. Na kai bakina kunnensa na ce, "Baba, yoyon ya toshe."

Bai buɗe ido ba. Babban yatsansa ne ya motsa a tafin hannuna, ya murza sau biyu, yadda yake gwada noti ya ji ko ya ɗauru.