Muntaka Ɗan Gwanja a Takur

A zangon Kumasi aka haifi Muntaka. Mahaifinsa, Jaji, mutumin Takur ne da fataucin goro ya kai shi Gwanja, ya yi aure a can bai sake komowa ba. Muntaka ya yi karatun allo, daga baya ya shekara shida yana aiki a kantin wani Bature, a nan ya iya Turanci, faɗa da rubutu. Da ciwon ajali ya kama Jaji, abu ɗaya ya roƙe shi: ya je Takur ya gai da ƙanwarsa Kubura.

Ya iso Takur, kusa da Dutse, ana tsakiyar bazara, kimanin shekara ashirin da zuwan Turawa Kano, da niyyar yin wata biyu. Gwaggo Kubura ta yi kuka, ta share masa ɗakin da ke kusa da zaure. Kwana uku bai iya cin tuwon dawa ba, cikinsa ya saba da doya da ayaba. Zafin da ke tasowa daga duwatsu kan hana shi sakat, ruwan wanka kuwa ƙwarya ɗaya ce, sai an jawo daga rijiya mai nisa. Abin da ya fi damunsa shi ne bakinsa. Hausar zango ba ta raba mace da namiji. Ran da aka tambaye shi ina Gwaggo, ya ce, "Ya tafi rijiya," sai da mazauna zauren suka riƙe ciki don dariya. Tun daga ranar sunansa ya koma Ɗan Gwanja.

Wata ranar Juma'a wani maɗinki mai suna Arzika ya tare shi da takarda a naɗe cikin tsumma. Wata guda tana hannunsa, ya rasa mai karanta masa, tsoro ya hana shi barci. Muntaka ya duba, ashe shaidar lambar rigakafi ce da aka yi masa a hanyar Kano, ba sammaci ba. Ganin yadda dattijon ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala ya tsaya masa a rai. Washegari ya ce duk mai son koyon Turanci ya zo, ba ya karɓar komai.

Sai da ya fara neman izinin Malam Ashafa, mai makarantar unguwar.

"Harshen Nasara za ka koya musu?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ko an koya ko ba a koya ba, takardunsu suna shigowa. Gara a san abin da ke ciki."

"Bayan La'asar," in ji Malam. "Kuma ba a kan allo ba."

Saboda haka a ƙasa suke rubutu, da tsinke, a inuwar dabino. Mutum biyar ne, duk magidanta. Arzika ne mai naci, Nata'ala mai sayar da awaki shi ne mai kaifin kai. In Muntaka ya gyara musu lafazi, su ma sai su gyara masa Hausa, ba sa ɗaga masa ƙafa. Wata biyun da ya ɗiba suka wuce bai lura ba.

Da ruwan farko ya sauka, ya zo gindin dabino bai tarar da kowa ba. Kwana huɗu yana zuwa yana komawa. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka wani ne ya zuga su, har ya fara haɗa kayansa. Gwaggo Kubura ta leƙo ɗakin ta gan shi.

"Ina zuwa haka, ɗan nan?"

"Gida, Gwaggo. Sun guje ni."

"Wa ya guje ka? Shuka ake yi. Ubanka bai faɗa maka ba? A garin nan in ruwa ya sauka, ko gaisuwa a tafe ake yin ta."

Ta miƙa masa fartanyar mijinta marigayi. A Kumasi ruwa ba abin jira ba ne, bai taɓa ganin gari ya watse saboda shi ba. Ya bi Arzika gona. Tafin hannunsa ya yi kanta, ranar farkon noma ya sare gero da yawa yana zaton ciyawa ce. Amma da rana in an zauna shan fura, Nata'ala kan tsallako daga gonarsa ya ce, "Ɗan Gwanja, yaya Turawa ke ce wa kunyar gona?" Haka karatu ya ci gaba har kaka.

A shekara ta biyu ya auri Hindatu, 'yar maƙwabcin Gwaggo. An so ya zama malamin ofis wurin Hakimi, ya ce shi dai a bar shi da gonarsa da mutanensa. Duk waɗanda ya koya wa ba su wuce ashirin ba, yawancinsu ma sun manta. Nata'ala ne ya riƙe, har daga Miga akan zo masa da takarda.

Da tsufa ya kama shi, Hindatu ta taɓa tambayarsa ko yana kewar garinsu. Ya ce in ya yi mafarki har yanzu lungunan zangon Kumasi yake gani, sai dai mutanen da ke yawo a cikinsu duk 'yan Takur ne. Ya rasu da kaka, bayan shekara talatin da ɗaya a garin. Malam Nata'ala ne ya yi masa wanka.