Baban Kujeru, Kafintan da Ya Zaunar da Yara

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin, wanda jama'a suka fi sani da Baban Kujeru, a shekarar 1954, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin ɗakin haya da ke bayan ma'aikatar yanka katako inda mahaifinsa yake gadi. Mahaifiyarsa wanki da guga take yi wa ma'aikatan tashar. An sa shi firamare a 1961, amma bai wuce aji shida ba, domin boko bai taɓa shiga ransa ba kamar yadda ƙarar zarto ta shiga. A 1968 ya kama koyon aikin kafinta, ya samu 'yanci a 1976, ya buɗe shagonsa a bakin titi tsakanin mai walda da mai facin taya. Tun a lokacin aka san shi da hali guda: ba ya yarda wani ya taɓa masa aiki. Ko ƙusa wani ya buga masa, sai ya zare ya sake bugawa da hannunsa.

Aure da Haihuwar Ɗan Fari

A 1979 ya auri 'yar wani tela, mace mai haƙuri da ƙarancin magana. A 1981 Allah ya ba su ɗa namiji bayan doguwar naƙuda, jaririn kuwa ya fito bai yi kuka ba sai da aka sha fama. Watanni suka shuɗe wuyansa bai tsaya ba, ya shekara bai zauna ba, hannayensa a dunƙule, ƙafafunsa a sanƙare suna harɗe juna. Dangi suka yi ta fashin baƙi: wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce sammu ne, wata gwaggo kuma ta ɗora laifin kacokan a kan uwar. Aka yi hayaƙi, aka yi jiƙe-jiƙe, daga ƙarshe aka shawarce su da su ajiye yaron a ƙuryar ɗaki don kada a yi ta kallonsu. Sun bi shawarar har shekara uku, kuma a tsawon wannan lokaci yaron bai rabu da tari da zazzaɓi ba.

A 1984 aka kwantar da shi a asibiti da ciwon huhu. A nan wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta zaunar da iyayen, ta bayyana musu cewa ƙwaƙwalwar yaron ce ta samu rauni lokacin haihuwa, shi ya sa gaɓoɓinsa ba sa bin umarninsa. Ba aljani ba ne, ba ya yaɗuwa, ba ya warkewa, kuma hankalinsa garau yake. Sannan ta tambayi yadda suke ciyar da shi. Uwar ta ce a kwance, a ɗaga masa haɓa a zuba. Ma'aikaciyar ta ce, “To wannan shi ke kawo shi asibiti. Huhunsa abincin yake gangarawa. Daga yau kada a sake ba shi ko ruwa a kwance, in ba haka ba wata rana ba za ku dawo da shi gida ba.”

Kujerar Farko

Kafinta ya koma shago da awon jikin ɗansa da bayanin ma'aikaciyar, ya ƙera kujera mai miƙaƙƙiyar jingina, da katako biyu lulluɓe da soso da ke riƙe kai ta gefe da gefe, da ɗan turke tsakanin cinyoyi don kada yaron ya zame, da matakin ƙafa. Ta farko ta yi faɗi, ta biyu ta goge wa yaron baya, ta uku ce ma'aikaciyar ta amince da ita. Daga nan ya koyi ciyarwar kanta: haɓa ta yi ƙasa, cokali ƙarami, abinci mai kauri, kuma ba a ƙara loma sai an ga maƙogwaro ya motsa. Abin da wani zai lashe cikin minti biyar, su sai su share awa a kansa.

Tarin ya ragu, yaron ya yi kumari. Kafinta ya daina barinsa a gida. Kullum da safe sai ya goyo shi zuwa shago, ya zaunar da shi a bakin ƙofa yana kallon titi. Mai walda ne ya fara tsokana, ya ce, “Ga Manaja ya iso! Kowa na zufa shi yana zaune yana duba aiki.” Yaron ya wage baki ya yi irin dariyarsa mai haɗe da shessheƙa, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Hidimar Jama'a

Zaman Manaja a bakin titi ya yi abin da wa'azi bai yi ba. Mata suka fara tsayawa, su yi kamar farashin benci suke tambaya, can sai murya ta yi ƙasa: “Malam, ni ma ina da irinsa a gida.” Ashe unguwar cike take da irin waɗannan yara a bayan labule. Daga 1990 ya ware ranar Asabar dominsu: ya auna yaro, ya ƙera kujera, sannan ya hana uwar tafiya sai ta ciyar da ɗanta a gabansa ya ga ta iya. Ba ya sassauci, wadda ta yi gaggawa sai ya karɓe cokalin ya ce, “Jirgi za ki hau? Jira ya haɗiye.” Su ne suka laƙaba masa Baban Kujeru. Ya zaga makarantu da wuraren awon ciki yana bayani, an kuma sha gayyatarsa rediyo, inda maganarsa ba ta wuce guda: “Ku fito da su su sha iska. 'Ya'ya ne, ba abin kunya ba ne.” Yara da dama cikinsu sun rasu duk da haka, wasu iyayen maza kuma sun gudu sun bar matan da ɗawainiya. Ya je jana'iza fiye da yadda ya je suna.

Rasuwar Mai Ɗakinsa da Sauran 'Ya'ya

Bayan Manaja sun haifi mata biyu da namiji ɗaya. Mai ɗakinsa ta rasu a 2003 bayan gajeriyar rashin lafiya, kuma daga ranar wanka, juyi, ɗauka da ciyarwa duk suka dawo wuyansa. A nan ne ya tafka kuskuren da soyayya ta jawo. Mutumin da ya koya wa matan gari ciyarwa bai koya wa 'ya'yan cikinsa ba. A ganinsa nauyin nasa ne, su kuwa su je su yi karatu su yi rayuwarsu. Babbar 'yarsa ta sha cewa, “Baba, ka bar ni in gwada mana.” Amsarsa kullum ita ce, “Ke je ki, za ki makara. Wata rana na koya miki.” Ga kuma tsohon halinsa na ƙin sakin aiki. A haka suka girma suka watse.

Shekarun Tsufa

Manaja ya zama babban mutum mai gemu, uban kuma baya ya ranƙwafa, hawan jini ya kama shi. Tsoro guda ya hana shi sakat, ya kuma sha faɗa wa mai walda: “Ba mutuwar nake tsoro ba. Wa zai ba shi abinci?” Mai walda ya ce ya kira yaran ya koya musu tun da sauran ƙarfi. Ya amsa da to, ya ce sai sun zo hutu. Da suka zo hutun, ya ga 'yarsa da tsohon ciki, ɗansa a gajiye, sai tausayi ya kama shi, ya sake ɗagawa.

Rasuwa

A watan Maris na 2021 ya yanke jiki ya faɗi a shago da zarto a hannu, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa sallah da azahar, aka kai shi makwancinsa, gidan kuwa ya cika maƙil, mafi yawa mata goye da manyan yara.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, malamar makaranta, ɗansa, direban babbar mota, autarsa, mai ɗinki, da kuma ɗan farinsa, Manaja, wanda bai daɗe cikin wannan jeri ba. Ranar jana'izar uban an fitar da kujerar Manaja waje don ɗakin ya ɗauki baƙi, aka kwantar da shi a katifa. Da yamma ƙanwar marigayin ta lura tun safe bai ci komai ba, ta ce, “Wayyo maraya, ko madara a ba shi mana.” Ta ɗaga masa haɓa ta zuba, malamar makaranta tana riƙe da kofin tana kuka. Ya ƙware, ya yi ta tari har ya yi shiru, suka ce ya ƙoshi. Zazzaɓi ya rufe shi washegari, kuma ciwon huhu ya ɗauke shi kafin watan ya ƙare, yana da shekara arba'in. A daidai lokacin da ake ba shi madarar, tsakar gidan cike take da matan da mahaifinsa ya koya wa riƙe cokali, kowacce ta iya, amma ba wanda ya leƙo ya kira ko ɗaya.