Wani Yana Ciwon Ciki a Namtari

Ana sallame Asuba muka tashi daga Jimeta, ni da direba da wata ungozoma 'yar Yola Gari, muka nufi Namtari inda ambaliya ta ci gidaje. Ni Bakano ne, ma'aikacin jinya, kuma ɗan sa-kai a wani zauren waya da aka buɗe tun lokacin da 'yan gudun hijira suka cika garin nan. Wanda bala'i ya rutsa da shi sai ya turo saƙon murya, 'yan sa-kai daga ko'ina su saurara su sa launi: ja a je yanzu, rawaya a je yau, kore ya jira.

Hanyar duk ramuka ce cike da ruwa, gonakin masara kuwa sai tukkunsu ake gani. Mun tsaya shan kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya rame sosai, kuɗinsa ne dai ya yi ƙiba.

Muna sha ina kunna saƙonnin da aka sa wa kore, don rage hanya. Sai ga muryar wata dattijuwa: "Wani yana ciwon ciki tun jiya, amma da sauƙi." Mutum uku suka saurare shi daga Kano da Kaduna, duk suka ce namiji ne ya sha gurɓataccen ruwa. Ni ma da haka zan ce.

Ungozoma ta ajiye kofi ta ce in maimaita. Ta tuna mini cewa a Hausar nan mace ma "yana" ake ce mata, kuma Bafulatana ba ta kama sunan 'yar farinta, balle ta ce naƙuda take yi. "Malam, wannan ja ne," in ji ta. Na kira lambar, a kashe.

Na mai da saƙon ja, na roƙi zaure a nemo gidan. Kafin mu kai inda mota ta gaza, wani malamin firamare ya gane muryar ya faɗi inda suke, wani masunci ya turo cewa kwalekwalensa na jiranmu, kuma bai karɓi ko sisi ba.

Mun sami 'yar dattijuwar a ajin makarantar da suka fake, ta galabaita, ɗan ya zo a gicciye. Uwar na bakin ƙofa ta juya baya, kamar ba ita ta turo saƙon ba. Muka ɗauko 'yar zuwa asibiti, ungozoma na riƙe da ita har Yola.

Da la'asar na koma masaukina a Rumde, jiki duk laka, raina a dagule don ban san yadda ta kaya ba. Tafiyar ta koya mini cewa waya tana kai murya, amma sai ɗan gari ke jin abin da kunya ta rufe. Ina cire takalmi saƙon dattijuwar ya shigo, na kunna da fargaba.

"Ya haihu. Su biyu lafiya."